Inuwa Ɗaya, Murhu Biyu

Shekara tara ina dafa shayi
ƙarƙashin darbejiyar tashar Gadarif,
inda motocin riɗi ke tsayawa su huce.
Shekara tara Batulu na gefena da tukunyar gahawa,
gawayina nata ne, sukarinta nawa.

Ran Talata ta ja bencinta taku uku.
Uku cif, na ƙirga.
Inuwar la'asar ta koma tata,
direbobi kuwa ba su da amana, inuwa suke bi.
Na koma gida da rabin madara a gwangwani
da magana cike da baki.

Da dare na ce wa Rumasa'u, autata:
ɗauko wayar nan mai na'urar da ke mayar da magana,
ta tsara min saƙo mai kaifi,
wanda zai shiga ba jini, ya kwana yana zogi.
Na zazzage mata komai,
bashin sukari tun azumin bara,
tiren da ta ara ya dawo a lanƙwashe,
har da abin da ta faɗa a bikin Sakina.

Na'ura ta saurara ba ta katse ni ba,
abin da marigayi mijina bai taɓa iyawa ba.
Sannan ta ce:
Na ji zancen benci, na ji na sukari.
Amma sau huɗu kin ce "ko ta tambaye ni."
Inuwar ce ta fi ciwo, ko rashin tambayar?

Na ce wa Rumasa'u kashe ta.
Abin da bai taɓa hura gawayi ba
me ya sani game da inuwa?

Sai dai na kwana juyi a gadon igiya,
tambayar nan kamar ƙarangiya a zani,
duk inda na juya tana nan.

Bayan asuba muka sake kunna ta.
Ta ce: faɗi abin da idonki ya gani, ki bar abin da kike zargi.
Faɗi yadda ya taɓa ki, sannan abin da kike roƙo.
Ni ban san Batulu ba, ke kika san ta.
Me zai sa mace ta ja benci bayan shekara tara?
Na yi shiru.
Na tuna tun kaka take kare fuska da gefen mayafi,
in ta tsiyaya gahawa rabi a finjali, rabi a ƙasa.

Saƙon da muka aika gajere ne.
Ba sukari a ciki, ba tire, ba Sakina.

Amsa ta zo kafin ruwa ya tafasa:
"Na fahimci damuwarki, kuma ina daraja zumuncinmu."
Na sa Rumasa'u ta maimaita.
Batulu? Wadda ke zagin gawayi in ya ƙi kamawa?
Na yafa mayafi na nufi tasha.

Na ce, ke, wa ya rubuta miki wannan?
Ta ce, wanda ya rubuta miki naki.
Ashe jikanta ya kunna mata tata.
Muka yi ta dariya har wani yaron mota ya waiwayo,
sai dariyar ta juye mata.
Ta ce likita ya ce yana ce a idon hagu,
rana na sokar ta kamar allura,
kunya ta hana ta gaya min,
ni da nake kiran ta mai idon shaho.

Ba mu raba inuwar daidai ba.
Darbejiya ba ta san awo ba.
Ta riƙe la'asar, na riƙe hantsi da direbobin Kasala,
ni nake tsiyaya mata in ciniki ya yi yawa.
Tiren dai har yau a lanƙwashe yake.
Maganar bikin Sakina kuwa ban yafe ba,
kuma ba zan sake kai ta gaban na'ura ba.
Na ajiye ta a ƙasan gwangwanin citta
sai ranar da idonta ya warke,
mu yi faɗanmu da bakinmu.